Rasuwar Mota Lamba 214, Mai Bai Wa Mutane Hanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin kaina da ba zan ɓoye wa kowa ba, nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin layi yana jiran a ba shi hanya, rasuwar Mota Lamba 214. Ta rasu ranar Talata da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, a ofishinmu na tsara zirga-zirgar motoci, hawa na biyu, teburin da ke kusa da taga, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta wuce danna maɓalli ɗaya ba. Shekarunta goma sha ɗaya.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ba ta da taya, ba ta shan mai, kuma bakanike bai taɓa ganin ƙarƙashinta ba. Farin ɗigo ce a fuskar kwamfuta, girmanta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Aikinmu a ofis shi ne, kafin a fasa titi ko a kafa danja, mukan fara gina titin a cikin kwamfuta, mu zuba masa motoci, mu zauna mu ga abin da zai faru. To amma mota ba ta tuƙa kanta. Kowace da halin mai ita. Shi ya sa shekara goma sha ɗaya da suka wuce muka roƙi direbobi ɗari uku suka yarda aka maƙala wa motocinsu wata 'yar na'ura na mako biyu. Na'urar tana auna tazarar da mutum ke bari tsakaninsa da na gabansa, lokacin da yake taka birki, tsawon jiran da yake yi kafin ya shiga titi, da sau nawa yake sauya hannu. Daga nan aka goge sunaye, don haka doka ta ce, aka bar lambobi. Kowane direba ya koma ɗigo mai lamba, yana yawo a cikin kwamfuta da halinsa.

Ranar da muka fara kunna abin, ina tsaye da kofin shayi, sai na ga wani farin ɗigo ya iso mararrabar da layin asibiti ke haɗuwa da babban titi. Hanyarsa ce. Babu danja, babu ɗan sanda, babu abin da ya tare shi. Sai ya tsaya. Mota ɗaya ta fito daga layin, ɗaya tak, sannan ya wuce abinsa.

Na ce, "Baba!"

Oga ya ɗago kai ya ce, "Wa?"

Na ce, "Babu komai, ranka ya daɗe, shayin ne ya ƙona ni."

An goge sunansa, amma wa zai goge wannan? Mahaifina direban motar ƙwai ne, shekara talatin da ɗaya, kuma ni na kai shi aka maƙala masa na'urar, yana ta mita wai za ta sha masa batir. Mutane suna zaton ƙwan ne ya koya masa sanyi. Ba ƙwai ba ne. Ranar hutu ma, da motar fayau babu kiret ko ɗaya, haka yake tuƙi. Lokacin da yake koya mini mota sau uku ina sauka don haushi in kama hanyar gida da ƙafa, shi kuma ya biyo ni a hankali a baya, da tazararsa, har ƙofar gida.

Marigayiyar ta gaji halayensa kaf, kuma ina shaida a kansu domin na auna su da hannuna. Tana barin tazarar daƙiƙa huɗu tsakaninta da motar gaba, a garin da yawancin mutane ke ganin ɗaya da rabi ma almubazzaranci ne. Ba ta sauya hannu sai in kwana za ta yi. Tana rage gudu a ƙofar makarantar firamare, duk da cewa makonni biyun da aka yi awon 'yan makaranta suna hutu, babu ko yaro ɗaya a wurin. Kuma a duk mararrabar da wani ke jira, tana tsayawa ta ba mutum ɗaya hanya. Ba biyu ba. Baba yakan ce ɗayan haƙƙin na cikin layi ne, in ka ƙara na biyu ka fara shiga haƙƙin na bayanka.

Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba, tana da aibi. Tana sa mutane makara. Duk rahoton da muka fitar sai an ga wani ɗan lotsawa a zanen gudun motoci na safe, kuma kowa a ofis ya san aikin wa ne. Oga ya taɓa kallon zanen ya ce, "Wannan 214 ɗin, in da mutum ne da na ba shi takardar gargaɗi." Na san mutumin, kuma na san da zai karɓi takardar da hannu biyu, ya yi godiya, gobe ya sake tsayawa.

Ba ta da yawan magana. Motocin cikin kwamfuta ba su da hon, na'urar ba ta ɗauki sauti ba, don haka ɗan fit-fit ɗin da Baba ke yi, wanda gaisuwa kawai yake yi da shi, bai shiga ciki ba. Sautin da muka sani nata guda ɗaya ne. Duk sanda ta tsaya, dole tsohuwar kwamfutar ta sake lissafin duk motocin da ke bayanta, sai fankar cikinta ta ɗauki wurrr, kamar tsoho ya hau bene. Ko ina can wajen injin kwafi na ji wurrr, na san an ba wani hanya.

Shekara shida ke nan da Allah ya karɓi ran Baba. Motar ƙwan aka ba wani direba, takalmansa ƙanensa ya ɗauka, hotunansa kuwa duk a tsaye yake ƙiƙam kamar an kama shi da laifi. Wuri ɗaya ne kawai ya rage da yake motsi, shi ne kan teburina. Wata uku bayan rasuwar na kawo Inna ofis na nuna mata. Ban gaya mata wanne ne ba. Ta gyara tabarau, ta bi ɗigogin da ido, ba a yi minti biyu ba ta ɗora yatsa a kan gilashin.

Tun daga ranar, duk Alhamis ɗin farkon wata, in ta fito daga asibiti wajen awon jini, sai ta hawo benenmu tana haki, in jawo mata kujera, ta zauna minti ashirin. Kada wani ya zaci kuka take zuwa yi. Faɗa take zuwa yi.

"Dube shi. Don Allah dube shi. Wuce mana, Direba, hanyarka ce!"

Sai fanka ta ce wurrr.

"Kin gani ko? Mutum ya mutu ma bai daina sa jama'a makara ba. Shekara talatin da huɗu ban taɓa isa wuri a kan lokaci ba. Ke kanki saura ƙiris in haife ki a mota, yana can yana bai wa mai keke hanya."

In ta gama sai ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce wa gilashin, "Sai wani watan," ta sauka.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya zo. An kawo mana sabuwar manhaja. Tana da sauri, ba na musu, tana iya ɗaukar gari guda ba unguwa ɗaya ba. Amma ba ta san mutum ɗari uku ba, mutum uku ta sani: mai sanyi, matsakaici, mai zafi. Za a narkar da ɗari ukun nan a fitar da ukun. Kafin a narkar kuwa sai an share datti, wato duk motar da alƙalumanta suka yi nisa da na sauran, a ɗauka na'urarta ce ta lalace. Wannan aikin abokin aikina ne, wanda muke kira Tsintsiya, dattijon kirki da bai taɓa barin ko waƙafi a inda bai dace ba. Ya fitar da motoci biyar. Huɗu da gaske na'urarsu ta samu matsala, ɗaya ma ta nuna mai ita yana tafiya da baya a gudun ɗari da ashirin. Ta biyar ita ce 214. A gaban lambarta ya rubuta: tana tsayawa a tsakiyar titi ba tare da dalili ba.

Ranar Litinin takardar ta iso teburina don sa hannu. Shafi biyu ce. Ina saurin shiga taro. Na duba shafin farko, na ga mai gudun baya, na yi dariya, na sa hannu. Lamba 214 tana shafi na biyu. Ranar Talata aka share su, aka wanke tsohuwar kwamfutar tas, aka kai ta teburin karɓar baƙi. Masu tambaya ko ba mu da ajiya, muna da ita. Muna ajiye wanda aka tsabtace ne kawai. Ƙa'idar ofis ce, ba a ajiye datti, kuma ni na rubuta ƙa'idar da hannuna shekara huɗu da suka wuce, har aka yaba mini a taro.

Da na je wa Tsintsiya ina huci, sai ya cire tabarau ya ce, "Injiniya, mota ce take tsayawa ba gaira ba dalili. Ko ke kika gani ai cewa za ki yi na'ura ce."

Na ce, "Babana ne."

Ya zauna a gefen tebur, ya riƙe tabaraun da hannu biyu. Da la'asar na gan shi a teburin karɓar baƙi, ya durƙusa yana kwance bayan tsohuwar kwamfutar, ko Allah zai sa wani abu ya maƙale. Babu abin da ya maƙale. Ina roƙon jama'a kada wanda ya ga laifinsa. Ya yi aikinsa daidai, mai sa hannun ce ba ta juya shafi ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yan uwa ɗari biyu da casa'in da biyar, waɗanda duk an narkar da su, daga ciki har da Lamba 58 mai sa sigina hagu ya yi dama, da Lamba 131 mai sauya hannu sau goma sha ɗaya a kilomita guda ya kuma isa tare da kowa. Ta bar tsohuwar kwamfuta, wadda yanzu sunayen baƙi take rubutawa, fankarta kuma ba ta ƙara cewa komai ba. Ta bar motocin layin asibiti, waɗanda har yanzu suna jira. Kuma ta bar 'ya ɗaya, Lamba 9, ja.

Ni ce Lamba 9. Ni ma an maƙala mini na'urar a wancan lokacin, kuma ba sai an gaya mini lambata ba. Ita ce mai manne wa bayan mutane kamar ta ba su ajiya, mai taka birki a daƙiƙar ƙarshe. Sau da yawa a tsohuwar kwamfutar nakan ga ja ta zo bayan fara, ta yi ta leƙe hagu da dama, da ta samu 'yar kafa ta fizge ta wuce. Da sabuwar manhaja ta zo neman wanda za ta yi misalin mai zafi da shi, sai ta ga babu wanda ya kai Lamba 9 dacewa. Ba a share ni ba, irina sun yi yawa. A halin da ake ciki akwai ni dubu huɗu a cikin garin kwamfuta, shi kuwa babu ko ɗaya.

An yi iya ƙoƙari wajen jinya. Ta rasu Talata, Alhamis ɗin Inna kuma jibi ce. Ranar Laraba na zauna tun safe na ƙera wata. Na yi mata farin launi, na rubuta mata 214, na sa tazara daƙiƙa huɗu, don wannan na haddace. Amma sabuwar manhajar ba ta da gurbin bai wa mutum hanya. Gurbin da take da shi na taka-tsantsan ne, daga ɗaya zuwa goma. Na cika shi goma. Na kunna. Ga ta nan fara, ga lamba, ga tafiyar hawainiya. Na ce wa kaina Inna tsohuwa ce, idonta ma da tabarau yake gani.

Ranar Alhamis Inna ta hawo tana haki. Na jawo kujera. Farin ɗigon ya iso mararraba, ya rage gudu tun daga nesa, ya tsaya, ya ɗan matsa, ya sake tsayawa. Mota biyar suka fita. Ya ci gaba da rarrafe.

Inna ba ta yi faɗa ba. Wannan ne ya fara tsorata ni. Minti uku tana kallo.

Ta ce, "Wannan waye?"

"Baba ne mana, Inna. Sabuwar kwamfuta ce, shi ya sa kika ga..."

"Ke, kiyaye ni. Wannan tsoro yake ji. Ubanki bai taɓa tsayawa don tsoro ba. Mutum yake gani."

Na gaya mata komai, har da shafi na biyu. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yarinya, kuma na yi kuka a gaban Oga, wanda ya tashi ya tafi duba injin kwafi da babu abin da ya same shi. Inna ta bari na gama. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

Ta ce, "Ke fa? Kina ciki?"

Na ce ina ciki.

"Nuna mini."

Na nuna mata jajayen. Suna ta wucewa ta bakin layin asibiti, gaba manne da baya, ko allura ba za ta shiga ba. Layin da a da yake ɗan numfasawa lokaci-lokaci ya toshe, motoci sun yi jerin gwano har sun fita daga gilashin. Da safiyar ranar ma Oga ya ga haka ya ce a rubuta cewa mararrabar tana buƙatar danja. Shekara goma sha ɗaya ba mu taɓa rubuta haka ba.

Inna ta daɗe tana kallon jajayen. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafi. Ba ta ce wa gilashin komai ba. Ta ce mini, "Kai ni gida."

Hanyar gidanmu ta wannan mararrabar take bi, ta gaske, mai ramuka da mai sayar da katin waya a kusurwa. Ƙarfe huɗu ne, an taso daga aiki. Tun daga nesa na hango wata tsohuwar mota a bakin layin asibiti, hancinta ya ɗan leƙo, wani mutum a sitiyari, wata mata a baya ta jingina kai da gilashi. Na gabana ya wuce, na gabansa ma ya wuce. Ƙafata tana kan totur, inda ta saba zama. Inna tana kallon waje ta tagarta, ko juyowa ba ta yi ba.

Na taka birki.

Wayyo, hon! Ban taɓa sanin haka abin yake daga gaba ba. Na bayana ya danna bai ɗaga hannu ba, na bayansa ya taya shi, wani ya leƙo da kai yana tambaya ko titin na ubana ne. Duk na san su, muryata ce. Mutumin cikin layin ya kalle ni kamar bai yarda ba, sannan ya fito a hankali, ya ɗaga mini hannu. Motar da ke bayansa ta matso da sauri. Na tsaya ina shawara, ƙafata a birki.

Inna ta ce, "Ɗaya."

Na wuce.

Mun yi nisa, mun wuce makarantar firamare, kafin ta sake magana. Tana goge ƙasan tabarau da gefen mayafi ta ce, "Kin sa mun makara." Babu inda za mu sai gida, kuma babu mai jiranmu a can.

Game da jana'iza, iyalai suna sanar da cewa babu gawa, don haka babu ɗauka. Ba za a yi zaman makoki a ofis ba, kujerun ba su da yawa kuma Tsintsiya ba zai iya jurewa ba. Ba mu roƙon a ce Allah ya jiƙanta, ba ta da rai. Mai wannan addu'ar yana kwance shekara shida, duk wanda ya ga dama ya aika masa, muna godiya. Farar motar da na ƙera ranar Laraba na goge ta da kaina, bayan na karanta duka shafukan.

Za a karɓi gaisuwa a mararrabar layin asibiti, kowace ranar aiki, daga ƙarfe bakwai da rabi na safe, har zuwa ranar da za a kafa danja. Ba sai an sauko daga mota ba. Mai son yin ta'aziyya ya tsaya ya bai wa mutum ɗaya hanya, ɗaya kawai, sannan ya wuce harkarsa. Wanda ya yi nisa da mu ya yi a mararrabar da ta fi kusa da shi, za ta iso.

In kuma kuka ga wata jar mota ta tsaya cak a tsakiyar titi, mai tuƙin ta ƙanƙame sitiyari tana cizon leɓe, ba lalacewa ta yi ba, ni ce. Don Allah kada a yi mini hon. Ban gama iyawa ba tukuna.

Sanarwa daga 'yarsa, Lamba 9, a madadin iyalai.